Hoton Larai

"A hankali, Sa'idu! Wanga ba shayi ba ne."

Sa'idu mai shayi yana tsugune a tsakar ɗakin Malam Labaran mai hoto, an ɗaure masa idanu da tsohon rawani, hannuwansa riƙe da baki biyu na wani lalataccen fim mai tsawon kamu biyu. Yana ɗaga dama yana sauke hagu, tsakiyar fim ɗin tana ratsa ruwan da ke cikin kwano. Shekara ashirin da biyar hannun nan yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi a bakin tashar Dutsin-Ma har sai ya yi kumfa, yau kuma an ce ya koyi sanyin hannu a safiya ɗaya.

"To Malam, ai a hankali nike yi."

"Hankalin 'yan tasha ke gare ka. Ina jin ruwan shina fantsama daga nan. Sake."

Malam Labaran yana kwance a kan katifa, an jingina masa filo biyu, ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Sati uku ke nan da asibiti suka sallamo shi da ledar magani da kyakkyawar addu'a, kuma duk unguwar an san abin da irin wannan sallamar take nufi. 'Yarsa tilo, Nana Khadija, wadda ke aure a Kurfi, ita ce ke jinyarsa. Jiya da yamma aka bugo mata waya cewa ƙaramin ɗanta ba lafiya, sai ta leƙa gidan Sa'idu da ke jikin katangarsu, ta ce, "Kawu, ga Baba nan, amana. Gobe da la'asar ina dawowa. Kar ka bar shi shi kaɗai ko na minti guda." Sa'idu ya dafa ƙirji ya ce ta tafi hankali kwance.

Ashe tsohon tafiyar tata yake jira. Ana sallame asuba ya sa Sa'idu ya jawo masa wani gwangwanin madara daga bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi. A ciki akwai ɗan naɗin fim guda ɗaya, an ƙunshe shi da tsumma.

Labarin fim ɗin ba ɓoyayye ba ne. Shekara arba'in da ɗoriya Malam Labaran ya yi yana ɗaukar mutanen Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu, 'yan makaranta da maniyyata da angwaye, amma matarsa Larai ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta ba. Ta ce ita ba abin ratayewa a bango ba ce. Da wayoyi suka zo suka kashe kasuwarsa, su ma ba ta yarda da su ba, ko jika ya ɗaga waya sai ta ja mayafi. Sai shekara biyu da suka wuce, a gidan wanta a Wurma, ranar wani suna, ta dube shi haka kawai ta ce, "To ɗauka ka huta." Rana tana tsaka, ita baƙa ce wuluk, ga farin mayafi a kanta. Fim ɗin da ke cikin tsohuwar kyamararsa kuwa baƙi-da-fari ne, irin wanda ba ya saurin shan haske. Ya ɗauka. Bayan kwana talatin da shida Larai ta rasu, kuma tun daga ranar mutumin da ya wanke fim dubu ya kasa wanke wannan. Tsoro yake ji. Da ya tara ƙarfin hali kuma, sai hannu ya fara rawa.

"Irin wanga fim bai san tsaka-tsaki ba," ya ce, bayan ya bari Sa'idu ya kwance rawanin. "In ka bar shi da halinshi, fari shi yi fari fat, baƙi shi yi baƙi ƙirin. Ranar nan na buɗe mashi haske da yawa don fuskar ta shiga. To mayafin ya sha fiye da ƙima. In ya daɗe cikin maganin wanki, ko maganin ya yi kauri, ko ka girgiza shi, mayafin zai toshe, in an zo bugawa a takarda sai dai a zaɓa, ko mayafi ko fuska. Ni kau duka nike so. Lallashinshi za ka yi."

"Malam, mi zai hana a kai shi Kano? Can akwai masana."

"Wa ya rage? Kuma ni zan jira Kano?"

Sa'idu ya miƙe ya ɗauki bokiti.

Aka shiga haɗa ruwa. Sa'idu ya ɗebo na randa, ya jefa ƙanƙarar da ya sayo a bakin titi, yana tsoma ɗan ma'aunin zafi na gilashi yana kai wa tsohon ya duba, har jan layin ya sauka kan ashirin. Ɗakin duhun wani ɗan lungu ne a ƙuryar ɗakin, ba taga, da ƙofar katako da bargo a rataye ta ciki. A kan benci ya jera kwanoni uku daga hagu zuwa dama: na magani, na ruwa zalla, sai na fiksa, wanda ke tsayar da hoto har haske ya daina yi masa lahani. Malam Labaran ya ce kofi ɗaya na magani, kofi uku na ruwa. Sa'idu ya auna ɗaya cif, ya dubi kwanon, ya ga abin ya yi tsararo kamar shayin marowaci. Hannunsa da kansa ya sake karkata kwalbar.

"Na ji kwalba ta yi magana sau biyu," in ji muryar daga katifa.

"Ɗan gyara ne, Malam. Don ya yi kyau. Hoton Inna Larai ne fa."

"Gyara! Innalillahi. Gero kake aunawa? Gyaranka ne zai ƙone mani mata. Nawa ka ƙara?"

"Bai kai rabin kofi ba."

"Zuba ruwa kofi ɗaya da rabi. Allah Shi shirye ka." Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya daɗe har Sa'idu ya fito da gudu ya tallafe shi. Da ya lafa, leɓunansa sun yi toka-toka.

"Malam, mu bari sai Nana ta dawo."

"In ta dawo ba ta bari. Kuma maganin nan na ƙarshe ne, an riga an haɗa shi. Ja katifar nan ka kai ni bakin ƙofa."

Sa'idu ya ja katifar har kan tsohon ya zo daidai ƙofar lungun. Malam Labaran ya zaro carbinsa ya yi bayani. Agogo ba ya amfani a cikin duhu, shi tun yana saurayi da istigfari yake auna lokaci: talatin da uku minti ɗaya ne, in ba a yi gaggawa ba. Fim ɗin nan a ƙa'ida minti tara yake ci a magani, amma bakwai za a ba shi. Kowane istigfari ɗaya, hannu ya hau ko ya sauka sau ɗaya. Bayan bakwai a ratsa shi ta ruwa, sannan biyar a fiksa.

"Ni zan ja maka daga nan, kai dai bi muryata. Abu guda, Sa'idu. In ka warware takardar da ke naɗe da fim ɗin nan, ko mi ka ji, kar ka buɗe ƙofa. Ko gobara ce. Haske kamar ƙwayar gero ya isa ya shafe ta. Ka yi mani alkawari."

Sa'idu ya yi alkawari, na biyu ke nan a cikin kwana ɗaya, bai kuma tsaya ya duba ko biyun za su iya zama wuri guda ba. Abin da ya cika masa ciki a lokacin daban ne. Bara ya je ɗaurin aure wani ƙauye ta wajen Kuki, aka fara harbi, wata tsohuwa ta tura shi cikin rumbu ta rufe, ya wuni a ciki yana jin babura suna zagaye. Tun daga nan ko banɗaki ba ya sakaya ƙofa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don mai shayin tasha da bakinsa yake cin abinci, in aka ji wannan ya shiga uku da tsokana.

Ya shiga, ya ja ƙofa, ya saki bargo. Duhun ya rufe shi ruf, irin wanda buɗe ido da rufe shi duk ɗaya ne. Warin fiksa mai tsami ya cika masa hanci, gumi ya karyo masa tun kafin ya taɓa komai. Ya ji numfashinsa yana fita guntu-guntu.

"Kana nan?" in ji tsohon ta bayan katako.

"Ina nan, Malam."

"Muryarka na rawa. Ba kowa ciki sai ƙadangare, shi ma na san shi. Warware."

Ya ɓare bakin takardar, ya bi ta da yatsa har ya ji inda fim ya fara, santsi da sanyi, yana nannaɗewa kamar mai rai. Ya kama shi ta gefe yadda aka koya masa, ya yage takardar, ya laluba kwanon hagu da gwiwar hannu.

"Na shirya."

"Bismillah. Tsoma. Astagfirullah... astagfirullah..."

Muryar tana zuwa a hankali, tana jan kowace kalma, ƙwayar carbi tana bugun 'yar'uwarta ƙas, ƙas. Sa'idu ya kama muryar nan ya riƙe, ita ce kaɗai abin da ya rage a duniya ban da sanyin ruwa a yatsunsa. Dama ta hau, hagu ta sauka. "Ɗaya," in ji tsohon, ya ci gaba. A na biyu har ya samu sararin cewa, "Ka fara sauri," Sa'idu ya rage. A na uku muryar ta dushe, tana tsayawa tana jan iska, amma lissafin bai ɓace ba. "Huɗu," ya ce, da ƙyar.

Ya ja kamar goma a cikin na biyar. Sai ya yi shiru.

Sa'idu ya ci gaba da motsa hannu yana jira, yana cewa tari ne zai zo. Tari bai zo ba. Abin da ya ji shi ne wani gurnani daga maƙogwaro, mai kama da minshari amma ba minshari ba, sannan ƙarar carbi ya zube a siminti.

"Malam?"

Shiru.

"Malam Labaran! Malam!"

Ya san wannan gurnanin, ya ji shi a bakin mahaifinsa ranar da ya rasu. Ƙafarsa ta kai ga ƙofar da kanta, babban yatsansa ya taɓa bargon. Taku ɗaya ne tsakaninsa da mutumin da aka ba shi amana, mutumin da ke fita daga duniya ba mai riƙe masa hannu, ba mai ɗiga masa ruwa a baki, ba mai laƙƙana masa kalmar shahada. Me zai ce wa Nana Khadija? Me zai ce wa liman, da mutanen unguwa, in aka tambaye shi ina yake? Ya ce yana wankin hoto? Ga kuma Larai a hannunsa, rabinta ta fito rabi ba ta fito ba, kuma babu wata a ko'ina cikin duniya. Gaba kura, baya sayaki. Ya buɗe baki zai yi ihu a kawo ɗauki, sai ya tuna duk wanda ya shigo, abin da zai fara yi shi ne ya banko ƙofar da ya ji murya a bayanta.

Tsoro ya hau shi sosai, tsoron duhu da tsoron mutuwa da tsoron Allah duk a haɗe. Sai ya lura hannuwansa sun koma sana'arsu, suna sheƙa fim ɗin sama da ƙasa, ruwa yana fantsama a rigarsa. Ya tsaya cak. Ya ja numfashi. Ya matsa da bakinsa kusa da katakon, daidai inda ya san kan tsohon yake, ya ɗaga murya.

"La'ilaha illallah. Sha ɗaya." Dama ta hau a hankali. "La'ilaha illallah. Sha biyu." Hagu ta hau. "Malam, kana jina? Faɗi. La'ilaha illallah. Sha uku."

Haka ya yi ta yi, yana jan kalmar daidai jan da tsohon ke yi wa tasa, yana kuka yana ƙirga. Gurnanin yana zuwa yana ɗaukewa, tazarar tana ƙara tsawo. A tsakiyar na shida ya ji kamar an ce "illallah" can ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa. Har yau in aka tambaye shi ba ya rantsuwa a kai, yana cewa mai yiwuwa kunnensa ne ya ba shi abin da yake so. Bayan wannan dai bai sake jin komai ba sai muryarsa da kukan wata akuya a waje.

Zuciyarsa ta ce ya tsaya a shida, ai ɗaya ba komai ba ne. Ya ƙi. Ya cika bakwai, ya ɗaga fim ɗin ya ratsa shi ta kwanon tsakiya, ya kai shi na dama. Biyar ɗin nan na fiksa su ne mafi tsawon lokacin da ya taɓa gani a rayuwarsa, sun fi wunin rumbu, don a rumbu kansa kaɗai yake ji wa tsoro. Bai rage ko ɗaya ba. Da ya kai talatin da uku na ƙarshe ya saki fim ɗin cikin bokitin ruwa, ya yaye bargo, ya ja ƙofa.

Hasken hantsi ya soke masa ido. Malam Labaran yana kwance ta gefen dama, fuskarsa tana kallon ƙofar, kumatunsa ya kusa taɓa katakon, kamar ya matso ne don ya ji da kyau. Sa'idu ya durƙusa ya kira shi sau uku, ya taɓa wuyansa. Da ɗumi har yanzu. Ya shafe masa idanu da hannun da ke warin magani, ya ɗaure masa haɓa, ya ja zane ya rufe shi, sannan ya fita ƙofar gida ya yi salati da ƙarfi.

Kafin azahar gida ya cika. Ana cikin neman likkafani da masu haƙa, Sa'idu ya saci jiki ya koma lungun, ya sauya wa fim ɗin ruwa sau bakwai yadda aka gaya masa, ya rataye shi a igiya da maƙalin shanya, ya sa wani maƙalin a ƙasa don ya miƙe. Bai duba ba. Ya kawar da kai kamar wanda ya shiga ɗakin matan mutane, don in ya lalace, bai shirya sani ba tukuna.

Nana Khadija ta iso ana gab da ɗaukar gawa, da yaron a goye. Sai bayan la'asar, da aka dawo daga maƙabarta mutane suka ragu, ta aika a kira shi. Ya same ta a ɗakin mahaifin nata, tana zaune a inda katifar take da safe, idanunta sun kumbura.

"Kawu, sannu da ɗawainiya. Allah Ya saka."

"Allah Ya jiƙan Malam."

"Amin. Kana kusa da shi?"

Duk hanyar maƙabarta Sa'idu yana shirya amsar wannan tambayar, ya kuma samo masu daɗi har guda biyu. Da ta dube shi sai duk suka gudu.

"Ƙofa ce tsakaninmu, Nana. Wagga ƙofar. Ina ciki, shina waje. Na ji lokacin da abin ya zo, ban buɗe ba."

Ta dubi ƙofar, ta dube shi. Fuskarta ta sauya, ya ga ɓacin rai yana tasowa, ya sunkuyar da kai ya ba ta labarin duka, tun daga gwangwanin madara har zuwa shahadar da ya yi ta turawa ta jikin katako. Bai ɓoye cewa ba shi da tabbacin an amsa ba.

"Amana na ba ka, Kawu," ta ce.

"Kin ba ni. Shi ma ya ba ni."

Ta share idanunta da bakin mayafi. Can ta ce, "Ya fito?"

"Wallahi ban duba ba. Tsoro nike ji."

Ta miƙe ta shiga lungun da kanta, ta ciro fim ɗin daga igiya. Ya bushe. Sa'idu ya ce ta riƙe ta gefe, ta kawo shi bakin ƙofar ɗaki inda hasken yamma ke shigowa, ta ɗaga. Ya gaya mata kada ta firgita, a nan komai a juye yake, fari baƙi ne, baƙi fari, sai an buga a takarda yake komawa daidai.

Gida goma sha biyu ne a jere, kowane gida hoto ɗaya, duk Larai ce. A na farko ta rufe fuska da mayafi. A na biyu ta juya baya. A na uku tafin hannu ne kawai ya cika wurin. Nana Khadija tana jan fim ɗin sama a hankali, gida bayan gida, Sa'idu yana tsaye a bayanta yana leƙe ta kafaɗarta. Na tara, ta sunkuya. Na goma, rabin kunne. Na sha ɗaya ya girgiza, kamar mai ɗaukar ne yake dariya.

A na ƙarshe ta tsaya. Mayafin ya fito da duhu amma bai toshe ba, ana ganin kowane ninki nasa har da ɗan adon bakinsa. A tsakiyarsa ga fuska tana kallon mai ɗauka kai tsaye, baki a ɗan buɗe, ana shirin faɗa masa wata magana.

"Ga wushiryarta," in ji Nana Khadija a hankali. Ta ƙara matso da shi kusa da ido. "Kawu, har zanen kumatunta. Ɗaya, biyu, uku..."

Yaron da ke bayanta ya farka ya fara ƙananan kuka. Ba ta sauke hannu ba, sai ta shiga jijjiga shi da kafaɗa, tana tsaye a bakin ƙofar da fim ɗin a sama, tana bin hasken da ke janyewa daga tsakar gida.